Aron Shekarun Kawu Toai

Shekara talatin da ɗaya ina zaman haya a Hai Phong, don haka ranar da dillali ya kai ni wani lungu a bayan kasuwar An Duong ya nuna min gidan, ban yarda na yi murmushi ba. Ka yi wa dillali murmushi, kuɗi ya hau ke nan. Na taɓe baki na ce gidan ya yi siriri. Kuma gaskiya ne, faɗinsa mita uku ne da 'yan kai, in babur biyu suka tsaya gefe da gefe a ɗakin ƙasa sai dai ka bi ta kansu. Amma hawa biyu ne da rabi, rana tana shiga ta baranda, zuciyata kuwa ta riga ta cire takalmi ta shige ciki.

Ni ba a yi min sakiyar da ba ruwa a harkar saye. Na jira ranar da aka tafka ruwan sama na koma lungun da silifa, na ga ruwan bai wuce idon sawu ba. Na yi kwana uku ina shan shayin da ba na so a wurin mai shayin bakin lungu, har ta saki baki ta ce ba wanda ya taɓa yin mummunar mutuwa a gidan, makwabtan hagu kuma ranar albashi kaɗai suke faɗa. Na kai kwafin jan littafin gidan, wato takardar mallakarsa, ofishin filaye aka duba min, ba titin da zai bi ta kansa, ba bankin da ya riƙe shi. Sai da na yi duk wannan sannan na zauna da mai gidan muka yi ta ja har ya sauko. Muka ba da kafin alƙalami miliyan ɗari biyu na kuɗin ƙasarmu, aka rubuta cewa cikin kwana talatin za mu cika, in mun kasa kuɗin sun tafi.

Kuɗinmu na taliyar ƙaguwa ne da na walda. Ni nake sayar da taliya a bakin titi tun ƙarfe biyar na safe, mijina Doan yana walda a wurin gyaran jiragen ruwa. Duk abin da muka tara, har da wanda 'yarmu Hue ta turo daga masana'antar da take aiki, sai ya rage sandar zinare uku kafin ya cika. Zinaren kuwa yana wurin surukata, Inna Mui, a ɗinke cikin matashin kanta. Ta daɗe tana cewa na ɗanta ne ranar da zai sayi gida.

Muka je karɓa, ta ce mu dawo jibi. Da muka dawo muka tarar ta sha kunu.

"Na je wurin mai duba," ta ce. "Bana ba shekarar Doan ba ce. Shekarunsa hamsin da bakwai. Ko lissafin bai ƙarasa ba ya ajiye alƙalami."

"Inna, mun fa riga mun ba da kafin alƙalami."

"Wa ya aike ku kafin ku tambaye ni? Ai ban ce kar a saya ba. Aron shekaru za a yi, in ba haka ba zinarena yana nan inda yake."

To, wannan ban ƙi ba, mai rumfar kusa da tawa ma haka suka yi. A samo namiji wanda shekarunsa suka dace, a rubuta 'yar takarda da hannu cewa gidan nasa ne, a karanta ta a gaban turaren tsinke don iskokin wurin su ji, shi ya fara shiga ya kunna wuta. In shekara ta juya sai a rubuta wata cewa ya sayar mana. Takardar wasa ce, ko ofishi ba ta zuwa. Matsalar ita ce samun mutumin. Dole ya girmi Doan, kada ya zama yana cikin zaman makoki, kada kuma ya riga ya ara wa wani a shekarar. Yayan Doan bai cika shekara da binne surukinsa ba. Ɗan kawuna ya ara wa wani tun farkon bazara. Abokin aikin Doan mai shekara sittin, mai duba ya ce nasa sun fi na Doan lalacewa. Muka yi ta jero sunaye, Inna tana buga wa mai duba waya yana kayar da su ɗaya bayan ɗaya, har kwana goma suka tafi. Mutum ɗaya ya rage mai shekara sittin da takwas, wanda mai duba ya ce shekarunsa tas suke. Kawu Toai, mai gidan da muke haya.

Shekara goma sha tara ina zaune a ƙasan gidan mutumin nan, ban tuna makon da ba mu yi cacar baki ba. Shi ya ce ɓawon ƙaguwata ke toshe masa kwata. Ni na ce tsuntsayensa da ya rataya a baranda su ke yi min kashi a kan shanya. Ya ce muryata ta sa matarsa ta riga shi tafiya don ta huta, na ce da ta huta da lofensa dai. Rabin abin da ya sa nake son gidan kaina don in daina ganin fuskarsa ne da sassafe.

Haka na sayi ganyen shayi mai tsada na hau bene. Na same shi yana ba tsuntsu tsutsa.

"Kawu, an wuni lafiya?"

Ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙunshin shayin. "Kawu? Jiya ai 'tsohon nan' nake. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Gida za mu saya. Shekarunka muke so aro."

"Nawa daga ciki? Ki ɗauki goman ƙarshe, su suka zo da ciwon gwiwa."

Na haɗiye abin da ya zo min baki na yi masa bayani. Ya saurara yana cusa taba a lofensa na gora, ya zuƙa har ruwan ciki ya yi ƙara, ya fesa hayaƙin sama.

"Wato tashi za ku yi."

"Tashi za mu yi."

"To, kwatata za ta huta. Na ara."

Ko ja bai yi ba, har na ji haushin shayin da na saya.

Saura mako guda a je ofishin mai hatimi, mai shaida cinikin gidaje, a sa hannu, ƙanwata ta bugo daga Thai Binh ta ce uwarmu ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Ba yadda zan yi. Na haɗa takardu cikin jaka ɗaya, na rubuta wa Doan abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, har da inda zai tsaya ya ƙirga kuɗi sau biyu, na hau babur na tafi. Kwana goma sha biyu na yi. Kullum in na bugo sai ya ce komai ya tafi daidai, an sa hannu, an biya, Kawu Toai ya shiga da murhun wuta da shinkafa da gishiri, ya tafasa ruwa a buta, Inna ta ce ba ta taɓa ganin shiga gida mai kyau haka ba.

Na dawo muka tare. Mako uku na yi ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Na goge matattakalar benen nan har sai da Doan ya ce zan cinye ta. Na buga ƙusa a bango inda na ga dama, ba wanda ya leƙo ya ce bangonsa. Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, ko ranar aurena.

Ranar da jan littafin ya fito, Doan ya shigo da shi ya ɗora a kan teburin da muke kunna wa kakanni turare, ya ce a bar shi nan ya kwana tukuna. Ni kuwa ina zan iya? Na wanke hannu na ɗauko na buɗe. A wurin sunan mai mallaka aka rubuta Vu Dinh Toai.

Na karanta sau uku. Na ɗaga littafin na duba bayansa ko akwai wani shafi.

"Baban Hue, zo nan. Sun yi kuskure a ofis."

Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana murza hular waldarsa. Tun daga yadda yake murza ta na gane ba kuskure ba ne.

"Inna ce ta ce takardar hannu ba ta isa ba," ya ce. "Ta ce iskokin yanzu sun waye, jan littafi suke dubawa."

Abin da na faɗa a ranar ba zan maimaita shi duka ba, makwabtan hagu dai sun san sun sami abokan yi. Na ce shekara talatin da ɗaya ina daka ƙaguwa har yatsuna sun karkace, don in saya wa mai tsuntsaye gida? Na ce na bar haya a gidan Toai na dawo haya a gidan Toai, wannan karon da kuɗina. Na ce a duk Hai Phong ba a taɓa yin mutum mai kan kwakwa irinsa ba, kuma ni na zaɓe shi da idona biyu.

Ya bari sai da numfashina ya ƙare.

"Ba a gaya miki duka abin da mai duba ya ce ba," ya ce a hankali. "Ya ce shekarar nan ba mai gidan take ci ba, matarsa take ci. Na je ofishin da niyyar sa sunana, Sen. Alƙalamin yana hannuna. Sai na tuna kina can kina zirga-zirga a babur tsakanin asibiti da ƙauye, manyan motoci suna wuce ki. Na kasa. Wata huɗu ne kawai, Sabuwar Shekara na shiga zai mayar mana."

"Ka kasa gaya min kuma?"

"Da na gaya miki da kin hana."

Na so in rungume shi, na so in fasa masa kai da ludayi, duka a lokaci ɗaya. Ludayin ya fi kusa, amma na ajiye shi na zauna a matattakala.

A nan zaune lissafin ya zo min. Ban ji tsoron Kawu Toai zai cinye mana gida ba, mutumin nan bakinsa ne ba kyau amma ko tsinke ba ya ɗauka. Abin da ya tsorata ni shi ne shekarun nasa da muka ara. Sittin da takwas, ga lofe, ga giyar shinkafa, ga tuƙin babur kamar wanda ake kora. In ya faɗi ya mutu kafin Sabuwar Shekara, gidana ya zama gado. Yana da ɗa, Luong, a can kudu, wanda ke sayar da wani abu a waya da ba wanda ya taɓa gani, da 'ya da ta yi aure a ƙasar waje. Ba mu da ko guntuwar takarda da ta nuna kuɗinmu ne, don Inna ta hana a rubuta, wai iskoki za su gano dabarar.

Washegari ƙarfe shida na ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwanon taliya mai zafi.

"Ba barkono," ya ce bayan ya ɗanɗana.

"Barkono na hawar da jini."

"Jinin wa?"

"Namu," na ce.

Ya ajiye cokali ya yi ta dariya har ta koma tari, ni kuwa tarin ya sa na zabura na hau buga masa baya. Daga ranar ya gane inda ya kama ni, kuma bai raga min ba ko sau ɗaya.

Na ɗauke lofen na ɓoye a ƙarƙashin rumfata. Na zubar da rabin giyarsa na cika kwalbar da ruwa, ya sha ya ce masu dafa giyar yanzu ba su da tsoron kowa. Na sa Doan ya cire wani ƙarfe daga baburinsa, ya zama duk inda za shi Doan ne ke kai shi. Na saya masa rigar sanyi da hula mai rufe kunne. Na kai shi aka auna masa jini, na tsaya a kan likita ina tambaya har ta ce, "Ke 'yarsa ce?" Kafin in buɗe baki ya ce, "'Yar haya ta ce, tana da kirki ƙwarai."

Da yamma sai ya sa Doan ya kawo shi sabon gidan, wai ya zo duba dukiyarsa. Ya zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi, ya nuna bango da sanda.

"Wa ya ba da izinin ƙusar nan?"

"Kawu, ga ruwan lemun tsami da zuma, sha da zafinsa."

"Kwatar gidan nan fa, ana zuba mata ɓawon ƙaguwa?"

"Ba a zubawa, Kawu."

In ya ga na yi shiru da yawa sai ya dafe ƙirji ya lumshe ido ya ce, "Kai, yau wani iri nake ji." Sai na watsar da abin da ke hannuna na taso, shi kuma ya buɗe ido ɗaya ya ce ashe yunwa ce. Na rantse akwai ranar da na shiga banɗaki na cusa tawul a baki na zage shi tas, na wanke fuska na fito na tambaye shi ko a ƙara masa matashi.

Haka muka ci wata uku da rabi. Har ya yi ƙiba, kumatunsa suka fito, matan lungunsu suka fara tambaya ko sabon aure zai yi.

Saura kwana goma sha biyu Sabuwar Shekara iskar sanyi ta sauko daga arewa da yayyafi. Ya fita baranda da singileti don ya shigo da tsuntsayensa, ni ba na nan balle in hana. Da na kai taliya da safe na same shi yana rawar ɗari, numfashinsa yana fita da ƙyar. Wannan karon bai buɗe ido ɗaya ba. A asibiti suka ce sanyi ya shiga huhu, suka sa masa robar iska a hanci, likita ta ce a kira 'ya'yansa.

Luong ya sauka washegari da takalmi mai sheƙi. Ba mugun yaro ba ne, a gabana ya girma, na sha ba shi taliya kyauta. Ya ga ubansa ya yi hawaye. Amma da muka fito baranda ya tsaya yana juya waya a hannu.

"Yaya Sen, na ji an ce Baba ya sayi gida a An Duong."

Na yi masa bayani tun daga mai duba har jan littafi. Ya yi ta gyaɗa kai.

"Ni na yarda da ke," ya ce. "Sai dai matata za ta tambaya, ƙanwata ma za ta tambaya, mijinta kuma lauya ne. In abu ya faru, abin da ke takarda za su duba."

Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa ma ta fi shiga ta. Na koma ɗakin. Na zauna na buɗe kular kunun shinkafa da na kawo, ina ba tsohon a baki, hawaye na ɗiga a hannuna. Ya sha cokali uku ya kau da kai ya dube ni.

"Gidan kike wa kuka ko ni?"

Na yi niyyar yi masa ladabin da na saba, sai na ji na gaji.

"Da safe gidan ne," na ce. "Yanzu ban sani ba. Tsohon banza kawai, wa ya ce ka fita da singileti saboda tsuntsu?"

"Yauwa," ya ce. "Yau na ji muryarki. Wata uku ina zaune da wata mata da ban sani ba." Ya ja numfashi. "Ki ce wa Luong ya je ofishin mai hatimi. Suna zuwa asibiti in an biya su kuɗin mota. Gobe da safe."

Da safe mai hatimi ta zo da jakarta, wata yarinya mai gilashi da ba ta da lokacin kowa. Likita ta rubuta cewa hankalinsa ɗaya. Doan ya zo da Inna Mui a bayan babur, ta shigo tana dogara sanda, tun daga ƙofa take magana.

"Ba za a yi ba. Kwana tara ya rage. Toai, ka daure kwana tara mana, me ye a ciki?"

"Yaya Mui, in da ni ke rabawa ai da na daure shekara tara."

Doan ya tsaya a ƙarshen gado, fuskarsa ta yi fari. "Kawu, in aka sa sunana kafin shekara ta juya, ita abin zai faɗa wa. Gara a rasa gidan."

"Gara a me?" na ce.

"Ku yi min shiru, iskar da nake ja ta kuɗi ce," in ji Kawu Toai. Ya juya ga Doan. "Wa ya ce sunanka za a sa?" Sannan ya dubi Inna. "Yaya Mui, da kika je wurin mai duba, ya tambayi shekarun Sen?"

"Ina ruwan gida da shekarun mace?"

"To madalla. Ke kika ce iskoki jan littafi suke dubawa. Su duba su ga sunan mace, su buɗe lissafinsu su ga ba ta ciki. Wa za su kama?"

Ni kaina sai da na ɗan ɗauki lokaci kafin na gane abin da yake nufi, don ko a mafarki ban taɓa kawo sunana a littafin nan ba. Tun ina yarinya gida na uba ne, ko na miji, ko na mai haya.

Inna ta zaro wayarta daga ɗaurin zani ta buga wa mai duba, ta sa a kunne tana harararmu. Muna jin muryarsa sama-sama, yana ta buɗe takardu. Ta ce to, ta ce to, ta kashe.

"Ya ce littafinsa ba shi da wannan shafin," ta ce. Sannan ta ɗago. "Zinarena fa? Na ɗana ne."

"Sanda uku," in ji Kawu Toai. "Sauran fa? Shekara goma sha tara ina jin turmin yarinyar nan tun ƙarfe uku na asuba a ƙarƙashin gadona. Ni ne shaida, ban yi barci ba."

Inna ta dubi ɗanta. Doan bai dube ta ba, mai hatimi ya duba.

"In sunanta kaɗai za a sa, me zan yi?"

"Za ka sa hannu a wata takarda cewa ka yarda nata ne ita kaɗai," ta ce tana duba agogo.

"Kawo."

Bai ko karanta ba, mutumin da na rubuta wa ya ƙirga kuɗi sau biyu. Inna ta ja tsaki ta ce ita dai ɗakin sama na baya nata ne duk ranar da ta ga dama, na ce nata ne. Kawu Toai ya sa Luong ya tallafe shi ya zauna, ya ce ya riƙe masa tawadar dangwale da kyau, ya kuma buɗe ido ya gani don ya ba matarsa labari. Luong ya yi 'yar dariya ya riƙe. Tsohon ya sa hannu a shafi huɗu, ya dangwala yatsa. Aka miƙo min alƙalami, ni ma na sa hannu inda mai hatimi ta nuna min.

Bai mutu ba. Ranar jajibirin Sabuwar Shekara aka sallame shi, yana zagin abincin asibiti tun daga gado har bakin titi. Harajin sake sauya suna kuwa mu muka biya, kuma har yau in na tuna sai na harari Doan.

Bayan hutu da mako uku aka ce littafin ya fito. Na rufe tukunya da wuri na tafi ofishin filaye da kaina, da ƙamshin ƙaguwa a jikina. Na ɗauki lamba na zauna cikin maza masu jakunkuna. Da aka kira Bui Thi Sen na je gaban tagar, ma'aikaciyar ta dubi littafin ta dube ni.

"Ke ce mai gidan, ko aiko ki aka yi?"

Na buɗe baki zan fara bayani, in ce ai na mijina ne, wato da na Kawu ne, wato surukata ce ta ce. Sai na ga ba abin da ya rage na bayani.

"Ni ce," na ce.

Ta ce in sa hannu a nan in matsa, akwai mutane a bayana. Na fito na zauna a matattakalar ofishin, na buɗe littafin a cinyata, na bi sunan da yatsa harafi bayan harafi. Na yi kuka sosai a wurin, mutane suna ratsa ni suna wucewa, har mai gadi ya zo ya tambaya ko an ƙwace min fili ne. Na ce masa a'a, na share fuska da gefen riga, na sa littafin a cikin rigata na tafi gida.